Kiran Kurwa a Mashigin Waira

Lahadi, 8 ga Satumba, gida

Da hantsi aka kira ni daga ofis a Kusko. Jagoran da zai haye da baƙi shida ta mashigin Waira, can saman duwatsu, matarsa ta haihu jiya, wai babu kowa sai ni. Na ce su nemi wani. Suka ce an nema. Na ce gwiwata na ciwo. Matar ofis ta yi dariya ta ce, "Haba Zenon, shekara uku gwiwar nan na ciwo, amma kullum tana kai baƙi wankan ruwan zafi ta dawo da su lafiya."

Waira. Inda Yaya Damaso ya mutu, shekara uku ke nan a wannan watan. Na rubuta ne don in ga ko hannuna zai yarda.

Hermelinda na bakin murhu tana fere dankali, duk ta ji. Ban ajiye wayar ba ta ce, "Ka ce musu to." Na harare ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Da na kashe wayar sai ta ajiye wuƙar ta faɗi abin da nake jin ta daɗe tana taunawa. Ta ce shekara uku tana dafa wa riga da wando abinci, mijinta ya hau dutsen nan bai sauko ba. "'Yarka Nayda ta daina kawo maka littafin makarantarta ka gani. Ka lura? Ba ka lura ba. In ka dawo yadda ka tafi, zan ɗauke ta mu koma Sikuani wurin yayata. Ba fushi nake ba, tsoho. Gajiya na yi."

Da ma zagina ta yi. Na kira ofis na ce to.

Litinin, 9 ga Satumba, zango na farko

Mun tashi. Dattijon nan Taita Braulio ne mai alfadarai, shi da surukinsa, dabbobi bakwai da doki ɗaya na ko-ta-kwana. Mama Sabina ce a girki. Duk mutanen da nake gudu ne, don da su Yaya ya yi aiki shekara ashirin.

Taita yana ganina ya ce, "Ashe kana raye? An ce ka koma mai riƙe wa Turawa tawul a bakin ruwan zafi." Mama Sabina ta ce ya bar ni, ya dubi yadda na zama, sanda ta sa jaket. Ba wanda ya ambaci sunan Yaya. Amma alfadarar da ke gaba, mai ƙararrawa a wuya, tasa ce a da. Na gane ta tun daga nesa, na yi kamar ina gyara igiyar takalmi har ta wuce.

Baƙin: miji da mata 'yan Faransa masu faɗa da juna ƙasa-ƙasa, wa da ƙani dogaye daga Holan, wata budurwa da ba ta barin alfaka, tunkiyar nan mai dogon wuya, ta wuce ba ta ɗauke ta hoto ba, sai Senyora Gudrun daga Jamus. Shekararta sittin da shida, tsohuwar shugabar makaranta ce, kuma har yanzu tafiyar shugabar makaranta take yi. Na yi musu jawabin da na saba: a sha ruwa, a tafi a hankali, wanda kansa ya yi ciwo ya faɗa, kada ya yi jarumta. Na nuna musu usur ɗin da ke jikin igiyar jakar kowa. Busa uku, in zo.

Hanya lafiya. Iska mai cizo da yamma. Miyar hatsin kinuwa, kifin gwangwani, shayin ganyen koka.

Senyora ta same ni ina buga turakun tanti, ta ce da Sifaniyancinta mai tuntuɓe, "Sau goma sha ɗaya ka ƙirga mu tun bayan abincin rana. Shekara talatin na yi ina ƙirga yara a bakin mota. Na san mai ƙirga don aiki, na san mai ƙirga don tsoro." Na ce mata ta je ta sa safar hannu. Tsohuwar nan za ta dame ni.

Talata, 10 ga Satumba

Da yamma gajimare ya sauko mana a bakin koren tafki, har ba na ganin abin da ya wuce taku talatin. Na juya na ƙirga kamar kullum. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai.

Na sake. Shida.

Ba Mama Sabina ba ce, don ita da dabbobi tuni sun yi gaba su ɗora tukunya. Na bakwan yana can baya kan hanya, tsaye, babu jaka a bayansa, ya cusa hannuwa a hammata irin na mai jin sanyi. Bai matso ba, bai yi komai ba.

Ban ci abinci ba. Na ce cikina ne.

Laraba, 11 ga Satumba, gindin mashigi

Yau ma na gan shi, da rana tsaka kuwa, babu ko gajimare. A bayan ƙaton dutsen da hanya ke zagayawa. Ƙiftawar ido ɗaya.

Da muka sauka na sami Taita Braulio yana duba kofaton doki, na gaya masa. Na ce Yaya na bin mu. Na zaci zai yi mini tsiya. Sai ya zauna, ya fito da jakar kokarsa, ya zaɓi ganye uku ya hura musu iska wajen dutsen, ya miƙo mini wasu. Ya daɗe yana tauna kafin ya ce, "Dogo ne ko gajere?"

Na ce ban auna shi ba.

"Damaso dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗakina. Wanda ka gani fa?"

Na tuno shi. Gajere ne. Mai faɗin kafaɗa.

Ya ce Damaso mun binne shi, mun wanke kayansa a rafi rana ta takwas, Fada ya yi masa addu'a, ya tafi inda ake tafiya. Mamaci ba ya tsayawa a hanya yana jin sanyi. "Kai ne, ɗana. Ranar da ka share ƙanƙarar ka ga fuskarsa, ka firgita, kurwarka ta fita ta zauna nan. Haka take yi wa yara in sun faɗa rafi. Da uwarka na da rai da tun satin farko ta jawo ka nan da kunne." Sai ya buɗe buhun sirdi ya ciro jar hulata ta ulu mai kunnuwa, wadda na sa a ranar. Na ɗauka na jefar da ita. Hermelinda ce ta kai masa har gida ranar Lahadi da yamma. Wato duk sun shirya, har da matar ofis ma ba na cire ta.

Na yi fushi. Na ce ni na yi makarantar jagoranci a Kusko, ina da takarda, ina ɗauke da tulun iskar numfashi da rediyo. Ya ce, "To sai ka ba wancan na bayan dutse takardar ya karanta."

Ga yadda ya ce za a yi. Gobe da tsakar rana, a kan mashigi, wurin tarin duwatsu. Zai kira kurwar da hular da ƙararrawar alfadara, ya sa mini hular. Daga nan in sauka a gaba, ba magana, ba waiwaye, har in haye rafin da ke ƙasa. Tafiyar awa biyu. Za ta biyo ni a baya kamar ɗan ragon da ya ɓata. In na waiwaya ta ga fuskata, za ta tsorata ta koma, kuma ba a kiranta sau biyu. "Dutsen ba ya son sakin abin da ya riƙe. Zai kira ka, da muryar wani ma zai kira ka. Ka toshe kunnenka." Ya maimaita wa Mama Sabina wannan, ta yi alamar gicciye.

Na ce, Taita, aikina fa waiwaye ne. Jagoran da ba ya waiwaya me ya rage masa?

Mama Sabina ta ce surukin Taita zai yi gaba da dabbobi tun da safe, ita za ta zo a ƙarshen layi da doki. "Gobe ni ce idon ƙeyarka. 'Ya'ya tara na raina, shida ne za su gagare ni?"

Na gaya wa baƙi al'adarmu ce a sauko daga mashigi shiru. Murna kamar an ba su kyauta. Bafaranshiyar ta ce a ƙarshe mijinta zai rufe baki.

Senyora Gudrun ba ta gama miyarta ba. Na tambaye ta ciwon kai, ta ce lafiya lau. Na sa mata abin awon iskar jini a yatsa, lambar ba ta yi mini daɗi ba amma ba ta kai ta juyawa ba. Na ce gobe ta hau doki. Ta kalle ni irin kallon da ake yi wa ɗalibin da ya yi ƙarya, ta ce ba ta ƙetare teku don a ɗauke ta kamar buhun dankali ba.

Rana ta kusa faɗuwa, hannuna na daskarewa, amma akwai abin da ban taɓa rubutawa ba ko a nan.

Kowa ya san labarin haka: hadari ya rufe mu a kan mashigi, ni ina gaba da baƙi takwas, Yaya na baya da alfadara ɗaya da ta yi gardama. Ta zame, kaya suka danne masa ƙafa, ƙanƙara ta rufe shi. Da muka kai zango na ga bai iso ba na koma, na tarar da shi ya riga ya sandare. Duk gaskiya ne.

Abin da babu wanda ya sani: ya yi fito. Na ji. Sau biyu, tsakaninsu kamar minti biyar. Na ce a raina alfadarar yake wa. A na biyun zuciyata ta ce tsaya, ƙafata ta ce baƙi na rawar sanyi, kai su ƙasa tukuna. Ban ko juya wuya ba. Ko matarsa Teodosia ba ta sani ba, ko Hermelinda.

Gobe kuma maganina shi ne kada in waiwaya. Allah kana gani.

Alhamis, 12 ga Satumba, da asuba

Sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Da ma ta yi hadari in sami dalili.

Alhamis, da yamma, zangon rafi

Bari in rubuta a jere tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Hawan ya ci awa huɗu. Senyora ce ta ƙarshe amma da ƙafarta ta iso, leɓɓanta a bushe, tana murmushin taurin kai. Kowa ya ɗora dutsensa a kan tarin, aka yi hotuna. Kafin tsakar rana gajimare ya taso daga wancan kwarin da sauri, ƙanƙara ta fara sauka ƙanana-ƙanana. Irin na wancan karon sak.

Taita ya ja ni bayan tarin duwatsun. Ya zuba 'yar giya a ƙasa, ya ajiye ganye da alawa biyu, ya sa na durƙusa. Ya riƙe hular yana kaɗa ta a iska kamar mai kiran kaji, ƙararrawa a ɗayan hannun. "Zenon, zo. Zo, Zenon, kada ka zauna nan. Ga jikinka, ga hularka. Gida akwai wuta, matarka ta dafa dankali, 'yarka na jira. Taho, ɗan ƙarami, taho, ba wanda zai dake ka." Na shiga da niyyar in jure don Hermelinda kawai. Amma da ya ce ba wanda zai dake ka, sai na sunkuyar masa da kai. Ya sa mini hular, ya dafa kaina, ya tura ni gaba. Wallahi da ɗumi na ji ta, alhali awa guda tana cikin iska.

Muka fara sauka. Ni a gaba, Taita daf da ni yana kaɗa ƙararrawa a hankali, baƙi a bayansa, Mama Sabina da doki a ƙarshe. Ban taɓa sanin wuyan mutum na da nauyi haka ba. Kowane taku ɗari jikina na son juyawa da kansa, sai in kafa ido a kan takalmina. Kuma ina jin wani abu a bayana, tsakanina da Taita, kusa, kamar numfashi a ƙeya. Ban ce akwai ba. Na ce na ji.

Kamar rabin awa. Sai fito.

Daga sama, can cikin farin gajimare. Siriri, a karye, iska na yanka shi. Na dakata. Taita ya kama hannun rigata ya ce ƙasa-ƙasa, "Ga shi nan. Na gaya maka. Tafi." Na tafi. Na yi taku ashirin, ko talatin.

Fiton ya sake zuwa.

Taita ya matse hannuna har na ji farcensa ta cikin jaket. "Dutsen ne. Saura kaɗan, ɗana. Ka tuna matarka." Na tuna ta kuwa. Na ga ta ɗaure kaya, na ga Nayda a bayan mota. Na san in na juya, shi ke nan, da hannuna na sallame su. Na tsaya cak ina kallon ƙasa, ina jin abin nan a ƙeyata yana jira.

Ban san me na yanke ba. Ba na jin na yanke komai. Wuyana ne ya juya.

Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Mama Sabina da doki a bayansu, kanta a sunkuye, tana sauri, bakinta na motsi da addu'a. Ita ma ta ji fiton, shi ya sa take sauri.

Na daka tsawa, "Ina Senyora?" Na ture Taita, Allah ya yafe mini, tsoho ne. Na haura da gudu a inda ko tafiya da ƙyar ake yi, tulun iska na dukan bayana.

Ta ratse bayan wani dutse ne ta yi amai, don kada a gani a ɗora ta kan doki. Daidai lokacin dokin ya yi gardama a kan ƙanƙara, Mama Sabina na fama da shi, ta wuce ta ba ta sani ba. Da Senyora ta zo tashi ƙafa ta ƙi. Na same ta zaune, leɓɓa sun yi shuɗi, hularta ta tafi da iska, safar hannu ɗaya a ƙasa, usur a bakinta tana hurawa da ɗan numfashin da ya rage. Shi ya sa ya fito siriri kamar na baki. Da ta gan ni ta cire shi ta ce, "Uku ka ce. Na kasa na ukun."

Na sa mata iska, na cire hular kaina na rufa mata, na goya ta har inda dokin yake. Ban san lokacin da muka haye rafin ba. Duk hanya surutu nake yi mata don kada ta yi barci, har waƙar makaranta na sa ta yi.

Yanzu tana tanti, ta sha shayi, launinta ya dawo, lambar ta hau. Na yi magana da ofis ta rediyo, likita ya ce tunda mun sauko ƙasa a bar ta ta huta, gobe doki ko tana so ko ba ta so.

Sai yanzu na tuna: inda na sami Yaya yana kan hanyar nan, ƙasa kaɗan da dutsenta. Na wuce shi da gudu na haura, na sake wuce shi da ita a baya. Ban ko gan shi ba.

Juma'a, 13 ga Satumba

Taita bai yi mini magana ba sai da ake ɗaure kaya. Ya zo ya tsaya yana jan igiyar da ta riga ta ɗauru. Ya ce, "Ni na riƙe hannunka. Da ka ji maganata da yau gawa muke ɗaura wa dokin nan." Idonsa ya yi ja. Na ce ya bar maganar, ni ma na ture shi. Ya ce turewar ba komai, Damaso ya fi ni iya ta.

Na tambaye shi kurwar fa. Ya girgiza kai. Ya ce ta biyo ni, ya ji ta, har rabin hanya ta zo. Ta koma. Ba zai yi mini ƙarya ba don in ji daɗi, ba a kiranta sau biyu.

Mama Sabina ta yi kuka da safe a kan tukunyar kunu, ta ce idon ƙeya ya makance. Zuwa rana ta warware. Ta ga Senyora kan doki da jar hulata, ta ce, "Shi ke nan, Zenon, in ma akwai saura a cikin hular, Jamus za ta tafi. Ka ce ta riƙa aiko maka hoto."

Senyora ta so ta mayar mini, na ce ta riƙe. Ta ce ta yi wauta irin wadda ta sha hukunta yara a kanta. Na ce ai kuwa, kuma na faɗa mata sauran abin da ke bakina, a gaban kowa, da Sifaniyanci da Turanci. Ta saurara har ƙarshe. Na daɗe ban yi wa mutum faɗa haka ba, har maƙogwarona ya yi zafi.

Asabar, 14 ga Satumba

Mun fito titi. Motar ofis ta kwashe su. Shida.

Lahadi, 15 ga Satumba, gida

Hermelinda ta tare ni a ƙofa, ta dubi kaina, babu hula. Ta ce, "An kira?" Na ce an kira. "Ka waiwaya?" Na ce na waiwaya. Na ba ta labarin Senyora a taƙaice, ina tsaye da jaka a baya.

Ta ce, "To ai dole." Ta shiga ciki. Na ji tana jan hanci a bakin murhu. Ba ta zarge ni ba, ba ta kuma ce komai ya wuce ba. Buhun da take tafiya da shi yana kan gado, babu kaya a ciki, amma an sauko da shi daga inda yake rataye.

Laraba, 18 ga Satumba

Barci nake yi kamar wanda aka yi wa duka. Gajiyar hanya ce.

Lahadi, 22 ga Satumba

Ranar kasuwa. Hermelinda ta aike ni sayen kananzir da albasa. Shekara uku ina zagayawa ta bayan coci don kada in bi layin masu abinci, inda Teodosia ke sayar da miyar kan rago. Yau ban zagaya ba. Rana ce ta yi zafi, hanyar bayan kuma ta fi nisa.

Ta gan ni, ba ta yi mamaki ba ko ta ɓoye. Ta goge benci da gefen zanenta ta ce, "Zauna, ƙanina, kafin ƙafar ta canza shawara." Ta zuba mini ba ta tambaya ba, har da harshen, wanda a da Yaya take ajiye wa. Na cinye. Ta ƙara, na cinye.

Da mutane suka ragu na faɗa mata. A cikin kwano na faɗa, ban iya kallonta ba. Na ce ya yi fito sau biyu, na ji, ban juya ba.

Ta daɗe tana juya tukunya. Na zaci ludayin za ta kwaɗa mini, kuma da na tsaya.

Ta ce, "Fito. Mutumin nan fito yake wa alfadara, fito yake wa kare, fito yake mini in kawo gishiri. Ranar da za ku tafi, yana ƙofar gida ya yi mini fito. Ina wanki, na ji sarai, na ce in yana son magana yana da baki. Ban fito ba. Har yau ban san me zai ce mini ba." Ta share fuska da bayan hannu. "Shekara uku ina ganin ƙeyarka tana shigewa bayan coci. Na ɗauka laifina kake gani."

Muka zauna. Wani ya zo sayen miya ta ce ta ƙare, alhali tukunya na rabi. Da zan tafi ta ce rufin ɗakin yaran na yoyo, damina kuma ta kusa. Na ce zan zo Talata da tsani.

Na dawo gida ba kananzir, ba albasa. Ban ce kurwa ta dawo ba. Taita Braulio ya ce ba ta dawowa, kuma ya fi ni sani.

Hermelinda ta ce ina na tsaya tun safe. Na zauna a kan buhun dankali na fara gaya mata, tun daga farko, tun daga wancan fiton. Nayda ta shigo tana jan hanci ta ce wani abu na ƙonewa. Abincin rana ne a kan wuta. Mu biyu muna jin ƙaurin tun ɗazu, ba wanda ya tashi.